Magajiya Mai Ƙaho da Allurar Ishaya

Magajiya mai ƙaho ba ta yarda da abin da ba ta gani da idonta ba, kuma ko ta gani sai ta juya shi ta duba ƙasansa. In ka kawo mata tsire, sai ta tambaye ka wace dabba ce. In ka gaishe ta da fara'ar da ta fi ta jiya, wuni za ta yi tana tunanin abin da kake nema a wurinta. Matan unguwar Abakpa sun san ta da wannan hali, suna yi da ita a bayan ido, amma da zarar baya ya riƙe ko kai ya yi nauyi, ƙofarta suke nufa suna "Mama, a taimaka."

'Yar wanzami ce daga wani ƙauye a ƙasar Katsina. Ubanta bai sami ɗa namiji da wuri ba, sai ya zama ita ke riƙe masa zabira in zai fita. Tun ba ta kai ko'ina ba ta iya wasa aska, ta iya kafa ƙaho a fata ta zuƙe iskar ta toshe bakin, ta cire ta yi tsaga siriri ta mayar. Aure ne ya kawo ta Kaduna, wurin Bello direban tashar Kawo, mutum mai yawan dariya wanda ta yi shekara da shekaru tana shinshina rigarsa ba ta taɓa kama shi da komai ba. Da ya rasu ya bar ta da ɗa guda, Auwal, sai ta ciro zabirar ubanta daga ƙarƙashin gado. Matan da ba za su buɗe wa wanzami bayansu ba suka riƙa buɗe mata. Da ƙahon ta raini Auwal har ya girma ya kama tuƙin keke mai ƙafa uku.

Abin da take taƙama da shi jini ne. Ta kan juye ƙaho a kan tsumma ta nuna wa mai jinin: baƙi ƙirin, guda-guda, mataccen da ya daɗe yana hana ta barci. Ta ce mace na iya yi mata ƙarya da baki, amma jininta bai iya ba.

Gidan da take haya ɗakuna ne a jere suna kallon tsakar gida ɗaya, kuma ɗakin da ke manne da nata na Ishaya ne da matarsa Patience. Mutanen wajen Zonkwa ne. Shi akawu ne a wani ofis a Doka, ita malamar firamare a Malali. Lokacin da rikici ya sa 'yan'uwansu da yawa suka kwashe kaya suka haye kogi, su suka yi zamansu. Magajiya ta yi shekara ba ta taɓa abincinsu ba, tana cewa ta ƙoshi. Haihuwar 'yarsu Faith ce ta gyara tsakani, domin uwar Patience na nesa, Magajiya kuwa ba ta iya kallon mai jego tana wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi kamar na shayi. Ta karɓe tukunyar, ta yi mata wanka irin na gaske. Tun daga nan Patience ta zama "ɗiyata", ko "Maman Fet" in ana cikin mutane. Duk Kirsimeti Ishaya kan miƙa wa Auwal kaza ya yanka, Magajiya ta ci har ta suɗe hannu, tana yabon ladabinsa da ya san abin da ya halatta gare su. Wannan kaɗai ne yabon da ya taɓa samu daga bakinta.

Faith na karatu a Zariya lokacin da ciwon ya zo wa Patience. Ƙululu ne a nonon hagu, aka ce sankara ce, aka cire nonon a asibiti. Bayan wurin ya warke aka fara yi wa Patience abin da suke kira kemo, wani ruwan magani da ake ɗaura mata ta jijiya lokaci-lokaci don ya kashe sauran cutar da wuƙa ba ta kai gare ta ba. Magajiya ba ta so shi ba tun ranar farko. Wane irin magani ne zai karkaɗe gashin mace tas, ya baƙanta mata farce, ya sa ta ƙi ƙanshin daddawa? Amma ta yi shiru, ta riƙa dama mata kunun tsamiya, domin shi kaɗai ke zama a cikinta.

Ana cikin haka ƙafar Patience ta dama ta kumbura, daga gwiwa zuwa idon sawu, ta yi zafi ta yi nauyi. Suka koma asibiti suka kwana biyu, suka dawo da wata jaka. Daga washegari Ishaya ya fara rufe ƙofa.

Nan zargin ya tashi, kuma a yi wa Magajiya adalci, ba daga sama ta tsinto shi ba. Gidan haya ne, ba a kulle ƙofa da safe, labule ake saki. Amma kullum, bayan Ishaya ya yi wanka ya sa rigar ofis, sai ka ji ƙarar sakata. Sai shiru mai tsawo. Sai ɗan nishin Patience. Sai ya fito yana share gumi, idonsa ja, da wani abu ƙunshe a baƙar leda. Ledar nan ba ya jefa ta a kwandon sharar gida. Cikin jakarsa yake cusa ta ya fice da ita.

Magajiya na zaune a bakin murhu tana fifita wuta, idonta na kan jakar har ta ɓace a zaure.

Ranar da ta taya Patience sauya zane ta ga cikinta. Tabo ne ko'ina a gefen cibiya, shuɗi-shuɗi, wasu sun koma ruwan ɗorawa, wani kan wani.

"Mi ya same ki nan?"

"Wurin allura ne, Mama."

"Wa ka yi maki allura a ciki? Ni dai a ɗuwawu na san ana yi, ko a hannu."

"Baban Faith ne. A asibiti suka koya masa. Sun ce jini ne ya daskare a ƙafar, kemo na jawo haka."

Magajiya ta ɗaura mata zanen, a ranta ta ce akawu. Akawun da aikinsa buga hatimi, yau shi ne mai allura. Tun da take ba ta taɓa jin likita ya ɗauki sirinji ya damƙa wa miji ya ce tafi gida ka yi ta tsira wa matarka ba.

Washegari ta tare shi a zaure.

"Baban Fet, allurar mi ce wagga da kake yi wa ɗiyata?"

"Ta tsinka jini ce, Mama."

"Tsinka jini? Matar da maganinku ya riga ya shanye, ka dube ta kamar takarda, ɗan jinin da ya rage mata shi za a tsinke?"

"Dokta ce ta ce a haɗa su, wancan na cutar, wannan na ƙafar. Mama, na makara, za mu yi magana."

Ya wuce yana gyara jaka a kafaɗa, bai kalle ta a ido ba. Ita kuwa ta daɗe da yanke hukunci a kan mutumin da ba ya kallonta a ido.

Abin da ya ƙarasa ɗaure zancen Ladidi ce, wata bazawara daga zumuntar matan cocinsu, mai haske, mai yawan turare, wadda ta fara zuwa da kular abinci. Ta zo ranar Laraba, ta zo ranar Asabar. Ishaya ya raka ta har bakin titi suna magana da yarensu. Magajiya ta kwanta ta ƙulla wannan da wancan, sai komai ya zauna daram. Da Bello ne ya ga wata, da ya auro ta kawai a sha rigima a wuce wurin. Amma Ishaya Kirista ne, ba shi da damar ajiye biyu. In yana son mai turaren nan, dole sai ta ciki ta kau. Ga mace kwance, kowa ya san ciwonta, in ta tafi ba mai tambaya.  Magajiya ta ji tsoro, ta kuma ji wani irin daɗi da ba ta so ta amsa wa kanta ba, daɗin wanda ya gano abin da kowa ya kasa gani.

Ta gwada faɗa wa Auwal. Ya aje cokali ya ce, "Inna, don Allah ki bar mutumin nan. Ya rame ya fi matar." Ta ce ai mai mugun nufi ma yana ramewa.

Ta san abin da ke ƙafar, su da kansu sun faɗa: jini ne ya daskare. To wa ya fi ta sanin daskararren jini? Abin da ƙaho ɗaya zai zuƙo a zaman shan kunu, shi ake wa wannan tsire-tsiren kullum a bayan sakata. In ta fitar da shi ƙafar ta saɓe, allurar ba ta da sauran hujja, Ishaya kuma sai ya nemi wata dabarar.

Ta jira ranar da ba ta Ladidi ba. Hantsi ya ɗaga, masu aiki sun fita, tsakar gida ba kowa sai kaji. Ta wasa aska, ta wanke ƙaramin ƙahon da take ji da shi, ta shiga ɗakin da sallama. Patience na kishingiɗe, ƙafar a kan matashi, kanta ɗaure da ɗankwali.

"Ɗiyata, miƙo ƙafar."

Patience ta ga zabirar, ta ja zane ta rufe. "Kai, Mama. Sun ce in kiyaye kar in ji ciwo. Ko buroshi mai tauri sun hana ni."

"Tsaga ciwo ce? Sau nawa na kafa maki ƙaho a bayan nan, in kin dawo daga makaranta kina tahiya kamar tsohuwa? Kin mutu?"

"A'a."

"Sun ce ki bar ƙaho?"

Patience ta yi tunani. Ba su ce ba. Sun tambaye ta ko tana shan jiƙe-jiƙe ko saƙe-saƙi ta ce a'a, kuma gaskiya ta faɗa. Ba wanda ya yi zancen ƙaho, ita ma bai zo mata a rai ba.

"Bari Baban Faith ya dawo mu tambaye shi."

Magajiya ta matso ta rage murya. "Ke kin taɓa karanta abin da ke jikin allurar da idonki? Kin san inda yake kai ledar?"

"Haba, Mama!" Patience ta so ta yi dariya, dariyar ta ƙi fitowa. Kwana da kwanaki ba ta yi barcin kirki ba saboda zugin ƙafar. Ga matar da ta yi mata wankan jego tsugune a gabanta, ta girmi uwarta, ba a taɓa ce mata a'a a gidan nan ba. Ta janye zanen a hankali. "Guda ɗaya kawai."

Magajiya ta yi bisimilla ta kafa ƙahon a sha-raɓa, ta zuƙa ta toshe. Da fatar ta taso ta cire, ta yi tsaga ƙanana da bakin aska, ta mayar. Hannunta bai yi ko gezau ba. Da ta ɗaga ƙahon ta juye a tsumma, tana jiran baƙin gudan da za ta nuna, sai ta ga ja wur, tsararo, yana bin zaren tsumman.

"Kin gani ko?" ta ce, muryarta har rawa take don samun gaskiya. "Dubi abin da ya mai da jininki. Wanga jini ne ko zoɓo?"

Ta goge wurin ta danna da auduga kamar yadda ta saba, tana ci gaba da faɗa. Ta ɗaga audugar. Tsagar na nan na tsattsafowa. Ta sake dannawa, ta daɗe, ta ɗaga. Jinin ya taru ya gangaro zuwa idon sawu. Ta sauya auduga, ta jiƙe. Ta yagi gefen zanenta ta ɗaure, ja ya ɓullo ta saman ɗaurin. Faɗan ya tsaya a bakinta. Tun tana yarinya take tsaga fatar mutane, kullum jini kan fito ya gaji ya tsaya da kansa, ba ta taɓa tambayar kanta me ke tsayar da shi ba.

"Mama," in ji Patience a hankali, "kaina na juyawa."

Magajiya ta fita tsakar gida ba mayafi, ba takalmi, tana ƙwala kiran sunan Auwal kamar zai ji ta daga titi, kafin ta tuna da waya. Allah ya sa bai yi nisa ba. Suka kinkimi Patience suka sa a keken, Magajiya ta zauna a ƙasa ta rungume ƙafar da hannu biyu tana dannawa, tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta. Kowane rami suka faɗa sai ta ji ɗumin jinin a tafinta.

A asibiti aka karɓi Patience aka ja labule. Ishaya ya iso da gudu, igiyar katin ofis na lilo a wuyansa. An ɗauki lokaci kafin likitar ta fito, wata matashiya da ake kira Dokta Nusaiba, ta tsaya tana duban su ɗaya bayan ɗaya.

"Ya tsaya," ta ce. "Amma wa ya tsattsaga mata ƙafa?"

Ishaya take kallo. Kallon nan kuwa Magajiya ta san shi sarai, domin irinsa take bin mutumin da shi kowace safiya. 

"Ni ce," in ji Magajiya. "Ƙaho na yi mata."

Likitar ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga ma da ya fi sauƙi. Ta ce, "Hajiya, kemo na rage abin da ke rufe bakin ciwo a jini. Allurar kuma an ba ta ne don gudan da ke ƙafar kada ya ƙaru ya ɓalle ya tafi huhu. Gudan yana can ciki a babbar jijiya, ƙaho ba ya kai wa gare shi. Jininta a tsinke muke son sa yanzu, da gangan." Ta juya ga Ishaya. "Allurorin da ka yi amfani da su, kana kawowa?"

Ya zuge jaka ya ciro baƙar ledar. Wata gora ce a ciki mai murfi, cike da sirinji. Nas ta karɓa ta wuce da ita.

"Kemon da za a yi mata jibi ba zai yiwu ba," in ji likitar. "Jininta ya yi ƙasa, ga sabon ciwo a jikin da ba shi da ƙarfin yaƙar ƙwayar cuta. Sai ya bushe mun tabbata bai ruru ba."

"Sai yaushe, Dokta?"

"Ba zan sa maka rana ba."

Ishaya ya jingina da bango. Cutar ba ta san an ɗaga rana ba, kowa a wurin ya san haka, har Magajiya. Ko kallonta bai yi ba. Ta so ya zage ta.

Da aka sallamo Patience, gidan ya koma kamar da, sai dai ba kamar da ba. Ishaya na gaishe ta, "Ina kwana, Mama," ya wuce. Ladidi kuwa yanzu kullum take zuwa, tun kafin ya fita, ta kafa kujera a bakin ƙofa tana tsinke alayyafo har ya dawo. In Magajiya ta kawo kunu, Ladidi ta tashi da fara'a ta karɓa a bakin labule ta ce an gode, Patience na barci. Magajiya ta fi kowa sanin gadi in ta gan shi. Zabirar tana ƙarƙashin gado, matan da suka zo da ciwon baya ta ce masu hannunta ne ke ciwo.

Wata safiya, lokacin jin sakata ya yi ba ta ji ba. Sai muryar Ishaya.

"Mama, ki shigo. Ta ce sai kin gani."

Ta shiga tana jan ƙafa. Patience na kwance ta yaye cikinta, ƙafar naɗe da farin bandeji. Ishaya ya durƙusa a gaban gadon, ya wanke hannu, ya goge fatar, ya zare murfin allurar. Sai ya tsaya. Gumi ya keto masa a goshi. Leɓensa na motsi da addu'a, hannunsa na karkarwa har bakin allurar na rawa a iska.

"Haka yake kullum," in ji Patience, tana shafa kansa. "Shi ya sa yake rufe ƙofa, kar yaran gida su gan shi. Mutumin da ko kaza bai iya yankawa. Ba kya ganin Auwal yake ba wa ya yanka duk Kirsimeti? In ya ga jini sai ya nemi wurin zama."

Magajiya ta dubi ƙeyar mutumin, ta ga yadda wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Kunya ta rufe ta, tausayi ya biyo baya. Abu ɗaya ta iya a duniya, shi ta miƙa. Ta buɗe tafinta a gabansa.

"Kawo in yi maka, Baban Fet. Ni hannuna ba ya rawa."

Ishaya ya dubi hannun. Ya daɗe yana dubansa. Sannan ya ɗago, karo na farko tun ranar asibiti, ya kalle ta a tsakiyar ido.

"A'a, Mama," ya ce a hankali. "Na gode."

Ya tattaro fatar da yatsu biyu, ya ja numfashi, ya tsira allurar da hannunsa mai rawa. Patience ta yi ɗan nishin nan. Magajiya ta mayar da hannunta cikin zane ta fito tsakar gida. Ba ta kai bakin murhu ba ta ji ƙarar sakata a bayanta.